Lambun da Ya Cika Tsafta Ba Ya Ciyar da Ƙudan Zuma

Ina da wata ɗabi'a da ke gundurar abokan tafiyata. Duk inda na ga wurin shaƙatawa ko shataletale da aka ƙawata da furanni, sai na tsuguna in duba ko akwai ƙwaron da ke sauka a kansu. Sau da yawa shiru kake ji. An aske ciyawa ƙwal, ga furanni manya masu ninki a jere, gwanin kyau, amma ko ƙuda babu. Irin waɗannan furanni an daɗe ana gyara irinsu don su burge ido, har garin fure da ruwan zaƙinsu suka ragu, ko suka ɓuya inda bakin ƙwaro ba ya kaiwa.

Da an ambaci barbarar furanni, wato kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan don tsiro ya yi 'ya'ya, hankalin mutane kan tafi ga ƙudan zuma na cikin amya. Alhali nau'in ƙudan zuma a duniya ya haura 20,000, kuma yawancinsu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya. Macen ita kaɗai take haƙa ɗan rami, ta tara garin fure, ta saka ƙwai, ta toshe bakin. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu a cikin ƙasa suke yin gida. To, idan an malale kowane taku da siminti, a ina za su haƙa? Ga kuma malam-buɗe-littafi, da wasu ƙudaje, da ƙwarin dare, da jemage wanda shi ke yi wa kuka barbara. Rahoton 2016 na IPBES, wata hukumar ƙasa da ƙasa mai nazarin halin da tsirrai da dabbobin duniya ke ciki, ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure sun dogara da waɗannan halittu, ko da kaɗan ne.

Shi ya sa yayin ɗora amya a kan rufin gine-gine, wanda ya cika Landan, bai burge ni ba. Ƙara garke ne a makiyayar da ciyawarta ba ta ƙaru ba, kuma ƙananan ƙudan daji ne ke kwana da yunwa. Furanni ake buƙata, na tsirran asalin yankin, masu buɗaɗɗen baki, waɗanda za su riƙa karɓar juna: wannan na bushewa, wancan na buɗewa, har shekara ta zagayo.

Wasu wuraren sun gane. Tun 2017 Faransa ta hana hukumomi fesa maganin ƙwari da na ciyawa na sinadari a wuraren shaƙatawar jama'a. A 2019 birnin Utrecht na ƙasar Holan ya shuka ƙananan tsirrai a kan rufin rumfunan jiran bas fiye da 300. Wannan na biyun, a ganina, ya fi yawa a hoto, amma dai ya fi kwano tsirara. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne fitila: wani bincike a Suwizalan a 2017 ya gano cewa hasken fitilar titi ya rage ziyarar ƙwarin dare ga furanni da kashi 62 cikin 100.

Na san ƙorafin da za a yi, kuma ba na raina shi: doguwar ciyawa maɓoyar maciji ce, ga shi ta kan sa wuri ya yi kama da kango. Ba a ce a bar filin duka ya zama daji ba. Inda yara ke wasa da gefen hanya a yanke tas. Kusurwar da ba a takawa a bar ta ta yi fure ta zubar da iri kafin a sa mata lauje, a bar ɗan fegi na ƙasa tsirara inda rana ke bugawa, da busassun karare masu rami a ciki. A zagaye wurin da yankakken layi, a kafa ɗan allo mai bayani, don mai wucewa ya san da gangan aka bari.