Bin sawun zaki da damina a Luangwa

Duk wanda ya koyi jagorancin baƙi da rani a gandun dajin Luangwa ta Kudu, a Zambiya, sai ya koma ɗalibi in damina ta kama. Can ruwa yana sauka ne daga Nuwamba zuwa Afrilu. Da rani namun daji sun taru bakin kogi, zaki na kwance kusa yana jira, aikinka kawai ka tuƙa mota. Da damina kuwa ko'ina ruwa, dabbobi sun bazu, ciyawa ta rufe mutum, baƙar laka ta riƙe taya, an rufe yawancin sansanonin cikin daji. Sai hanyoyin kewayen Mfuwe, garin da ke bakin gandun, ake bi.

A nan na gane kunne ya fi ido amfani. Dattijon da ya koya mini aiki ba ya barin inji ya daɗe yana ruri. Sai ya ce, "Yaro, kashe motar nan mu ji." Gwaggon biri in ya hango damisa daga bisa, haushinsa daban yake da na faɗan gida. Barewar impala tana huci, barewar puku tana fito, zabin daji su ɓarke da ƙara. Ka dubi inda duk suka fuskanta. Ungulu ma da ake dogara da ita wajen gano inda aka kashe nama ba ta tashi sama sosai in gari ya lumshe, sai ta lafe a reshe.

Laka kuma tana faɗin lokaci. Sawun da ɗigon ruwa ya huhhuda, kafin ruwa aka yi shi. Wanda gefensa ya fito tsaf a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, bayan ruwa ya ɗauke ne, kuma ai ka san sa'ar da ya ɗauke. Zaki da damisa ba su cika nuna farce ba, kuma bayan tafinsu kashi uku ne. Girma ke raba su. Amma a caɓi ƙafa tana zamewa ta buɗe, har sawun damisa ya zama kamar na zakanya matashiya. Shi ya sa ba a yanke hukunci da sawu ɗaya, sai an bi an ga tazarar taku. In na damisa ne ya ɓace a gindin itace, ɗaga kai, wataƙila naman da ta kama yana rataye a reshe.

Kyarkeci, wato karen daji, shi ne mai wahalarwa. Farcensa na fitowa kamar na kura, sai dai sawun ya fi tsari. Da rani garken yana zaune kusa da ramin 'ya'ya. Da damina babu abin da ya ɗaure su, ga jariran impala birjik tun ruwan farko. Ka gan su da asuba, kafin hantsi sun ƙetare fadamar da mota ba ta isa. Ko masu bincike da ke bin abin wuya mai rediyo da aka ɗaura musu sukan ji ƙarar na'ura ƙarara, su tsaya bakin ruwa suna kallon tsallake. Baƙon da ya biya kuɗi mai yawa ba ya son jin haka, don haka tun a mota nake faɗa masa kafin mu tashi.