Idan Mama ta ce "me ya ce?", ku tsayar da fim ɗin

Daren 25 ga Disamba ne, shekara uku da suka wuce, a gidanmu na Wusasa. Tun da rana aka taso daga coci, aka rarraba shinkafa da miyar kaza gidajen maƙwabta, jikoki suka ci cincin har suka yi barci. Sanyin hunturu ya sauko, saura ni da Mama a falo, ta lulluɓe da mayafi biyu. Sai na ce bari in sa mana wani fim na zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, na labarin haihuwar Almasihu. Tun daga Abuja na sauko da shi a waya.

'Yan'uwana, abin da na yi a daren nan shi nake so ku kauce wa. Fim ɗin da Turanci yake, masu magana kuma kamar ana korarsu. Mama tana da shekara 78 a lokacin. Ba a yi minti biyu ba sai ta ce, "Auta, me ya ce?" Na fassara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Daga nan na ce, "Mama, ki dai kalla, ai kin san labarin." Ta yi shiru. Ni kuwa na ɗauka daɗin kallo ne ya ɗauke ta, na jawo waya na shiga amsa gaisuwar barka da Kirsimeti a WhatsApp.

Na ƙara sauti, ina ganin na taimaka, ta ce ƙara ce kawai ke dukan kunnenta. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da ni cewa idan ji ya fara raguwa saboda tsufa, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin muryar yara da "s" da "f" na cikin kalmomi. Muryoyin katun kuwa yawanci sirara ne, ga kiɗa a ƙarƙashinsu. Kuma tsoho yakan dogara da motsin leɓen mai magana ba tare da ya sani ba, bakin zane kuwa ba ya nuna komai. Ga yanar ido da ta fara rufe mata ido ɗaya, rubutun ƙasan allo bai yi mata amfani ba. Ashe ni kaɗai ce kunnenta da idonta a falon nan, na kuma juya mata ƙeya. Da na rage sautin, na matso kusa, na fuskance ta ina magana a hankali, da ta ji komai.

Abin da ya fi ci mini rai bai zo ba sai da makiyaya suka bayyana da tumakinsu. Mama ta gyara zama, ta ce, "Muna yara, ni aka sa na yi mala'ika a cocin St. Bartholomew, babanmu kuma..." Na ce, "Bari ya ƙare tukuna, Mama." Cocin nan ginin ƙasa ne na 1929, a cikinsa aka yi mata baftisma da aure. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka fara riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Ni ban taɓa ganin kakan nawa ba, ko hotonsa babu a gidan. Labarinsa ne take shirin ba ni, na ce ta jira zane ya gama magana. Kafin ya ƙare barci ya ɗauke ta. Da safe na tambaye ta, ta ce, "Ba komai, Auta, na manta."

Fim yana da maɓallin tsayarwa, gobe ma yana nan yadda kuka bar shi. Tunanin tsoho kuwa ba kullum yake buɗe ƙofa ba. Ko daren Kirsimeti ne ko na Sallah, idan iyayenku suka zauna kallo da ku, ku tambaye su abin da suke so, ku bar waya a ɗaki. In sun katse ku da labari, ku kashe sautin gaba ɗaya, ku yi tambaya a kan tambaya. In ido ya fara hazo kuma kada ku ce tsufa ne kawai, aikin yanar ido gajere ne, mu a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna aka yi wa Mama.

Da shekara ta zagayo na sake sa mata fim ɗin, na zauna kusa da kunnenta na dama da ya fi ji. Fim na sa'a ɗaya da rabi ya kai mu kusan sa'a uku. Da makiyaya suka fito na tsayar, na ce, "Mama, bara kin fara ba ni labarin Kaka." Ta daɗe tana kallon allon. Ta tuna farin zanen da aka ɗaura mata, ta tuna fitilar ƙwai da aka ba ta ta riƙe, ta tuna babanta ne ya karanta Luka sura 2 a ranar. Na ce, sai me ya faru? Ta girgiza kai, ta ce akwai wata magana da ya faɗa mata a hanyar gida, ita take so ta gaya mini bara, amma maganar ta tafi.