Ranar da ƙ ta fita daga sahu

Sana'ata zana shafukan intanet, kuma gashin kaina nake ci, ba ni da ofis sai tebur ɗaya da kwamfuta. A farkon shigata harkar, wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra a nan Kano ta ba ni aikin shafinta. Na zaɓo mata wani zubin haruffa siriri mai tsayi wanda ya kwanta mini a rai. Da Turanci kaɗai na gwada shi, na ga ya yi, na zuba bayanin kayanta na Hausa cikin dare na tura mata.

Washegari da hantsi ta kira ni. "Ɗana, aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma me ya sami ƙ ɗin nan? Duk inda aka rubuta ƙamshi sai in ga ta fi 'yan'uwanta kauri, kamar aro ta aka yi." Na ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri zuwa la'asar."

Aron kuwa aka yi. Wanda ya zana haruffan bai zana ɓ, ɗ da ƙ ba. Idan waya ta nemi harafi ta rasa, sai ta ɗauko shi daga wani zubin da take da shi ta cusa a tsakiyar kalma. In ta rasa gaba ɗaya, sai ta ajiye ɗan akwati fanko. Masu sana'ar suna kiran akwatin nan tofu, wato awara, kuma daga ƙudurin kawar da shi ne Google ta raɗa wa haruffanta suna Noto, wato "no tofu", babu awara. Su na sa mata a ranar, kafin la'asar sahu ya daidaita.

Tun ina yaro nake son rubutu a matsayin abin kallo. Nakan tsaya a gaban masu rubuta allon shago in ga yadda suke jan buroshi, a makarantar allo kuma hannun malaminmu nake kallo yana juya alƙalamin kara. Amma kiran Hajiya ne ya sa na fara duba ƙugiyar harafi da idon basira. Ƙugiya mai kyau daga jikin harafin take tsirowa, kaurinta daidai da na sandarsa, ta lanƙwaso ba ta taɓa harafin da ke kusa ba. Wadda aka yi wa aikin gaggawa kuwa, da ka ƙara girmanta za ka ga liƙa ta aka yi. Babbar Ɗ da Ɓ sun fi tona asiri, don ƙugiyarsu hagu take fita, in ba a auna tazarar ba sai ta buɗe giɓi a farkon kalma. Ba ƙaramin aiki ba ne: a shekarun 1980 har Hermann Zapf, fitaccen mai zana haruffa ɗan Jamus, ya sa hannu wajen zana haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya.

Kuskurena na biyu a shafin wata makaranta na yi shi. Don tausayin data ta iyayen yara, na rage nauyin fayil ɗin haruffan, na bar na Latin kawai da danginsu. Sai ƙ ta fito lafiya, ƙananan ɓ da ɗ suka ɓace. Ashe a tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba unguwa ɗaya suke ba. Ƙ da ƴ da manyan Ɓ da Ɗ suna wuri guda, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can cikin alamomin masana furuci. Yanzu da hannu nake lissafa guda takwas ɗin, manya da ƙanana, har da ƴ ta mutanen Nijar, ko da mai aikin 'y yake rubutawa. Ga makarantu, zubin haruffan Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL nake fara ɗaukowa, don domin masu koyon karatu aka zana shi.

Akwai masu ce mini, "Malam, cire ƙugiyoyin nan mu huta, ai kowa zai gane." Ba na gardama. Nakan rubuta musu bari da ɓari, karya da ƙarya, kafa da ƙafa, in miƙa musu wayar. Yawanci a nan maganar take ƙarewa. Ni dai ba na jin daɗin miƙa shafin Hausa da aka aske wa haruffa, ko da an biya ni cif.

Kafin in karɓi kowane sabon zubi yanzu, akwai jimlar da nake bugawa: "Ɗan Ƙaura ya ɓoye ƙwarya a ɗakin 'ya'yansa." In duba ta a kwamfuta, sannan in jawo wata tsohuwar Itel mai tsagaggen gilashi da nake ajiyewa a aljihun tebur, don irinta ce a hannun yawancin masu buɗe shafukan da nake yi. In fita da ita tsakar gida, cikin rana, in ga ko ɗ tana rabuwa da d daga nisan kamu biyu.