Farashin da na rubuta da hannuna

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara shida ina kula da farashi da lissafin ciniki a ƙaramin kamfanin da ba ya buga komai sai littattafan kafintanci. Waɗanda muka yi aiki tare sun san wurin, sun kuma san littafin da zan yi magana a kansa, don haka ba sai na kama suna ba.

Littafin wani dattijon kafinta ne da muke kira Baba, wanda ya shafe rayuwarsa yana haɗa kujeru da akwatunan katako. Shekara uku aka yi a kansa. Kowace kujera da ke ciki sai da aka sake haɗa ta a gaban mai ɗaukar hoto, tun daga tsaga katako har shafa mai. Mai zane ya zana kowane haɗi da awonsa, aka ba wani kafinta dabam zanen ya bi, don a gani ko mutumin da bai san Baba ba zai iya fitar da kujerar daga takarda kaɗai. Sau biyu aka gano awo bai yi daidai ba, aka koma aka gyara. Duk wannan kuɗi an kashe shi kafin injin madaba'a ya taɓa takarda ko ɗaya.

Da aka zo maganar bugun da ake karantawa a waya da kwamfuta, manajanmu ya yanke hukunci a tsaye, ko zama bai yi ba. Ya ce babu takarda, babu tawada, babu hayar sito, babu kuɗin mota, saboda haka duk abin da ya shigo riba ce. A sa dala 9.99 a Kindle, na'urar karanta littafi ta kamfanin Amazon, tunda a lokacin tsarin Amazon yana ba mai littafi kashi 70 cikin 100 idan farashin yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, in ya wuce haka kuma kason ya koma kashi 35. Na takardan kuwa kusan ninki huɗu na wannan muka sa masa.

Ban yi musu ba. Gaskiya ma maganar ta shige ni, don ni ma a lokacin haka nake kallon littafi: takarda da tawada, sai ɗan abin da aka ɗora a kai. Ni na ɗora fayil ɗin, ni na rubuta lambar, ni na zaɓi kashi 70.

Abin da ban karanta ba yana nan a rubuce ƙarara a cikin sharuɗɗan, ba wanda ya ɓoye shi. Wanda ya zaɓi kashi 70 ana cire masa kuɗin aika fayil zuwa na'urar mai saye, kuma gwargwadon nauyin fayil ɗin ake cirewa, santi 15 kan kowane megabayit a kasuwar Amurka. Littafin labari da ba shi da hoto bai fi megabayit ɗaya ko biyu ba, mai shi ba zai ma lura an taɓa kuɗinsa ba. Namu kuwa, da hotuna masu launi da zane a kusan kowane shafi, megabayit 45 ne. Wato dala 6.75 ke fita tun kafin a raba. Abin da ya rage, 3.24, shi ake ba mu kashi 70 ɗinsa, ya kama dala 2.27 a kowane kwafi. Da na zaɓi kashi 35, inda ba a cire kuɗin aikawa, da dala uku da rabi za mu riƙa samu a kan wannan farashin dai. Da kuma mun sa farashin da ya dace da littafin, da lissafin ya sha bamban gaba ɗaya.

Makonni na yi ina duba yawan kwafin da aka saya ina jin daɗi, ban taɓa juyawa na dubi layin da ke nuna abin da ya rage mana ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

Amma ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. Rana ɗaya muka fitar da bugun biyu. Shagunan kayan aikin kafinta da ke ajiye littattafanmu suna saye a hannunmu da ragi mai yawa, sannan su jira mai saye. Sai ga mutum ya shigo shago, ya buɗe littafin ya duba, ya ciro waya ya ga ana sayar da shi a kwatar kuɗin. Shaguna biyu suka rage odarsu, ɗaya ya dawo da kwali guda. Wanda ya fi ci mini rai shi ne saƙon wani mai karatu da ya tambaya da zuciya ɗaya: idan littafin dala goma ne, me ya sa muke cutar masu son na takarda? Da hannunmu muka gaya wa mutane cewa aikin shekara uku dala goma ya kai, sauran duk kuɗin takarda ne.

Da lissafin ya fito fili, manaja ya ce a rage nauyin fayil ɗin. Na ce zanen zai lalace. Ya ce ba wanda ke ƙura wa zane ido a waya. Aka matse hotunan har fayil ɗin ya yi sauƙi, ƙananan lambobin awo suka dusashe. A kafintanci bambancin 3/8 da 5/8 na inci shi ne bambancin haɗin da ya kama da wanda ya yi sako-sako. Wani ya rubuto mana cewa ya yanka ƙafafun kujera huɗu a kan lambar da ya ɗauka ya gani, katako mai tsada ya tafi a banza. Shi bai zargi fayil ba. Baba ya zarga, ya ce marubucin bai iya awo ba.

Ni aka bar wa kiran Baba. Yarjejeniyarsa ta ce kasonsa daga abin da ya shigo hannun kamfani ake fitar da shi, ba daga farashin da ke jikin littafi ba, saboda haka kasonsa na dala 2.27 kusan ba komai ba ne. Na yi masa bayani ina jiran faɗa. Bai ko tsaya kan kuɗin ba. Cewa ya yi, "Yaro, wannan mutumin da ya ɓata katakonsa, ku aika masa na takarda, a cire a kasona." Na ce, "Baba, ba laifinku ba ne." Ya ce sunansa ne a bango.

A taron ƙarshen wata, a gaban masu kamfani, manaja ya ce wanda aka ba aikin ɗora littafin bai karanta sharuɗɗa ba. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Bai ce shi ya yanke farashin ba, bai ce shi ya sa aka matse zanen bayan an gaya masa abin da zai biyo baya ba. Na yi shiru, don ba ni da takarda ko ɗaya da ke nuna haka, a baki ya ba da umarnin duka biyu. Laifi tudu ne. A shekarar ba a yi mini ƙarin albashi ba, shi kuma aka ƙara masa wani sashe ya riƙe. Shekara huɗu muka ƙara yi tare muna gaisawa lafiya, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Bayan wannan ne na zauna na bi asalin lambar da ta ruɗe mu. Lokacin da Amazon ya fito da Kindle a 2007, ya riƙa sayar da sababbin littattafan da suka yi fice a dala 9.99, har mutane suka saba da ita a matsayin kuɗin littafin na'ura. Manyan kamfanonin ɗab'i ba su so haka ba. A 2010, da iPad ta fito, suka ƙulla da Apple cewa su za su riƙa yanke farashi, Apple ya ɗauki kashi 30. Gwamnatin Amurka ta kai Apple da kamfanoni biyar ƙara a 2012 kan haɗa baki wajen ɗaga farashi, kotu kuma ta sami Apple da laifi a 2013. Duk wannan rigima a kan littattafan da ake sayar da dubban ɗaruruwa aka yi ta, yawancinsu rubutu zalla. Mu da masu sayenmu ba su wuce 'yan dubbai ba, kowane shafi kuma sai an biya mai zane da mai hoto, muka ɗauko lambar wasu muka manna wa kayanmu.

Yanzu in za a sa farashi, daga kuɗin haɗa littafin nake farawa: edita, zane, hoto, katakon gwaji, tsara shafi. Wannan nauyi a kan bugun biyu yake, ba a kan na takarda kaɗai ba. Duk kwafin na'ura da ya hana a sayi na takarda, dole ya ɗauki nasa rabon.

Ban ce a daidaita su ba. Na taɓa jin masu cewa tunda ilimin ɗaya ne, kuɗin ma ya zama ɗaya, kuma ban yarda ba. Wanda ya sayi na takarda ya mallake shi: zai ba da aro, zai sayar, zai bar wa ɗansa. Na na'ura sau da yawa izinin karantawa kawai aka saya. Kuma kafinta ya san abin da yake biya in ya sayi littafin da aka ɗinke shi da zare, wanda zai buɗe ya kwanta a kan benci ba sai an danne shi da guduma ba, wanda garin katako da gam a yatsa ba za su hana a juya shafinsa ba. Na na'ura ma yana da nasa amfanin: za ka faɗaɗa zane ka ga yadda haƙoran haɗi suka shiga juna, za ka nemo kalma nan take, za ka buga shafi ɗaya ka tafi da shi wurin aiki ya ƙazantu ba ka damu ba. Mu dai a ƙarshe mun tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na kuɗin takarda, wanda ya haɗa biyun kuma ya sami na na'urar da ɗan ƙari kaɗan. Da yawa biyun suke saye.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Littafi mai zane a PDF muke sayar da shi daga shafinmu, don shafin yana tsayawa yadda aka tsara shi, ba kamar EPUB da rubutu ke gudana ya raba hoto da bayaninsa ba. Duk zanen da za a buga a girmansa na ainihi, muna sa ɗan murabba'i mai inci ɗaya a gefe don mutum ya auna ya ga ko firintarsa ta rage shi. Sunan mai saye a ƙasan kowane shafi ya fi kulle fayil amfani, don kullen mai gaskiya yake wahalarwa. A duba harajin kowace ƙasa: Birtaniya sai a watan Mayun 2020 ta cire harajin kashi 20 daga littattafan na'ura, alhali na takarda ba su biyansa tun da can. Umarnin farashi kuma, ko daga wa ya fito, a karɓe shi a rubuce.

Saukar da farashi minti ɗaya ne, ɗaga shi kuwa mun fi shekara muna yi, muna amsa saƙonnin masu cewa ai jiya ba haka yake ba. Littafin Baba yanzu yana bugu na uku a takarda, na na'urar kuma an mayar masa da zanensa na asali, duk wanda ya sayi dusasshen ni na bi shi ɗaya bayan ɗaya na aika masa sabo. Mutumin ƙafafun kujera ya turo hoton kujerar da ya haɗa daga baya, na buga na kai wa Baba.

A jadawalin lissafin da na bar wa wanda zai gaje ni, layi na farko bayan sunan littafi shi ne nauyin fayil. Na kuma gaya masa wane ne zai ce masa ba sai ya cika shi ba.