Abin da na gani a kwamitin ƙarin girma

Na daɗe ina zama a kwamitin da ke tantance waɗanda za a yi wa ƙarin girma a wani kamfanin sayar da kayayyaki. Aikinmu mu duba fayil, mu saurari shugabannin sassa, mu miƙa sunaye sama. A wannan teburin na ga yadda wanda bai iya riƙe mutane ba yake ta hawa, alhali babu wanda ya nufi sharri.

Fayil labarin aikin jiya kawai yake bayarwa. Wane ya fi kowa ciniki, to a ba shi sashe ya shugabanta. Amma shawo kan mai saye daban, zama da ma'aikacin da aikinsa ya taɓarɓare har a gano damuwarsa daban. Tun 1969 Laurence Peter, wani malami ɗan Kanada, ya ce ana ta ɗaga ma'aikaci saboda ya iya aikin da yake kai, har ya isa kujerar da ta fi ƙarfinsa. A 2019 kuma Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue sun bi bayanan dubban masu sayar da kaya a kamfanonin Amurka, suka tarar gwanayen ciniki aka fi ɗagawa, kuma galibi na ƙasa da su ba sa ƙaruwa da shugabancinsu.

Wannan ya bayyana hawan farko. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na biyu da na uku.

Akwai wani manaja da sunansa ya zo gabanmu da yabo shafi guda. A taro ba ka da kamarsa: baki ya iya zance, alƙaluma a shirye, ko'ina "na yi, na tsara". Sai na nemi jerin waɗanda suka bar sashensa. Mutanen kirki ne, sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Wata daga cikinsu ta gaya mini rahoton da aka yaba masa a kai ita ta kwana tana haɗawa, kuma ranar da aka sami kuskure a wani lissafi, a gaban kowa ya kira sunanta. Babu ko ɗaya daga wannan a fayil, domin masu rubuta fayil na sama ne, su kuwa fuskar da yake nuna musu kaɗai suka sani. Wanda ya rubuta yabon ma daga baya ya faɗa mini a keɓe cewa so yake ya rabu da ƙaya. Korar mutum tana buƙatar takardun gargaɗi da shaidu da rigima, tura shi sama kuwa sa hannu ɗaya ne.

Na matsa har aka yarda mu riƙa jin ta bakin na ƙasa, a asirce, kafin suna ya wuce. Aka kuma fara ba mutum riƙon ƙwarya na wasu watanni kafin a tabbatar da shi. Inda muka fi shan gardama shi ne batun albashi: muddin sai ka zama manaja kuɗinka zai ƙaru, gwanin ciniki dole ya nemi kujerar da ba ya so. Da aka buɗe matakin albashi ga ƙwararru marasa shugabanci, wasu da kansu suka janye takardunsu.