Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Abin Da Bai Kashe Uwa Ba

Wancan makon na tsaya a tarewata Unguwar Rogo, wasunku kuma na ta tambayar yadda aka ƙare da rigimar lefe. Ku yi haƙuri, ba ita ke cin raina ba yau. Maganar Inna ce ta hana ni barci, Allah Ya jiƙanta. Ita ce mai cewa abin da bai kashe uwa ba, ba ya taɓa ɗan da ke cikinta.

Kun san da sikila aka haife ni, kuma mai sikila a Jos ba shi da abokin gaba kamar sanyin Disamba. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne ƙodata. Kafin aurena da shekara biyu fitsarina ya fara kumfa kamar an kaɗa omo, da yamma ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce ƙodar ce ke yoyon furotin, aikin sikila ne. Ya ɗora ni a kan lisinopril, ƙwaya ɗaya kullum da safe, ga hydroxyurea, maganin sikila da na saba sha. Ya ce ranar da na yi ɓatan wata in zo masa da gudu. Ina budurwa, kunya ta hana ni ko ɗaga kai.

A cikin kwalla nake ɓoye magungunan, ta uku daga sama, don Hajiya, uwar mijina, da ƙyar ta yarda da auren, ina ga ta ji zancen ƙoda. Da ciki ya shiga, na fari kuma, sai na haɗa shi da su na ɓoye. Inna kaɗai na raɗa wa, muna tsintar shinkafa a Gangare. Na ce, "Inna, likita fa ya ce in koma." Ta ce, "Ke dai. Maganin da ke riƙe da ke, in kin bari wa zai riƙe ɗan? Abin da bai kashe uwa ba..." Na ƙarasa mata da bakina, muka yi dariya.

A wata na biyar ciwon ƙashi ya tashi cikin dare. Maigidan ya ɗauko yaron kemis, ya yi mini allurar diclofenac kwana uku a jere. Yana ganin cikina a gaba, bai tambayi ko wata nawa ba. Har gobe in na wuce shagon kau da kai nake yi. A 2020 ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja kunne kan irin waɗannan magungunan ciwon jiki daga mako na 20 na ciki, saboda ƙodar jariri. Ranar da ƙanwata ta karanta mini, tashi na yi na shiga ɗaki.

Sai a wata na shida na fara awo. Mai hoton ciki ta shafa mini wannan man mai sanyi tana ta hira, sai ta yi shiru, ta kira likita. Ruwa ya ƙafe. A bayan katina ya zana mini: daga tsakiyar ciki, yawancin ruwan da ɗa ke kwance a ciki fitsarinsa ne. Lisinopril kuwa yana ratsa mabiyiya ya toshe aikin ƙodarsa. In ba fitsari ba ruwa, in ba ruwa huhu ba ya girma. Ƙwayar da ke gyara tawa ƙodar ita ke kashe tasa.

Bakwaini na haifa, namiji. Kwana biyu ya yi a kwalba. Ina kallo ta gilashi nas take cire masa famfas ta ɗora a sikeli, ta mayar masa da shi a bushe. Babansa ya yi masa huɗuba, ba mu kai suna ba.

Wajen gaisuwa Hajiya ta ce wa mata, a kunnena, wai jinin gidanmu ne. To ga amsarki yau, Hajiya, tunda a lokacin ba ni da bakin magana: ɗanki AA ne, ba yadda za a yi in haifa masa sikila. Ɓoyon da tsoronki ya sa ni ma yana da kaso a ciki. Inna kuwa ban taɓa ce mata komai ba. Ita ma ba ta sake wannan karin maganar ba, ko ga ƙannena.

Shekara huɗu suka wuce, babu abin faɗa a cikinsu. Ciki na biyun da shiri aka yi shi. Wata uku kafin in bar tsarin iyali aka tsayar da hydroxyurea, aka musanya lisinopril da Aldomet na hawan jini, ga folic acid miligiram 5 kullum, ga ƙaramin asfirin miligiram 75 daga mako na 12. Na tambayi likitar, mace ce wannan karon, ko hydroxyurea na da hannu a na fari. Ta ce yawancin abin da aka sani a kanta daga gwajin dabbobi ne, don ba kasafai ake sa mai ciki a gwajin magani ba. Sauran daga irina ake tattarawa, matan da ciki ya same su suna kan sha. Ta nemi izinin rubuta nawa, na ce ta rubuta, har da kwallar in tana so.

Na sha wuya ba ƙarama ba. Ciwo ya dawo, aka ƙara mini jini leda biyu, aka yi mini tiyata a mako na 37. Mace, AS, ga ta can tana rigimar zuwa Islamiyya. Ranar da Inna ta fara ɗaukarta ta tsula mata fitsari a zane, sabon atamfarta ta sallah. Na miƙa mata wani ta canza, ta ture hannuna. A jiƙe ta zauna har la'asar.

Zancen lefe sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.