Saƙar kwarashi a gidan da ba a barin mutum ya zauna

Shawul na farko da na karɓi kuɗin mutane a kansa, sau uku ina warware shi. Na jariri ne, fari da ruwan hoda. Wata maƙwabciyarmu a unguwar Mabera, Sakkwato, ce ta ba ni aikin cikinta ya tsufa, tana so ranar suna a fito da jaririn a ciki. Na fara da ido 120 a layi (kowane ɗan ramin da kwarashi ke shiga, ido muke ce masa a gidanmu). Da na kai tsakiya na shimfiɗa shi a tabarma, sai na ga yana tsukewa ta sama. Na ƙirga, 111. Tara sun zube, ban ma san a wane layi ba.

Na naɗe aikin na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda ta koya mini riƙon kwarashi, ina ta ƙorafin hannuna ne bai faɗa ba. Ta juya shawul ɗin gaba da baya, ta ɗora yatsa a wani wuri ta ce, "Nan mi yat tashe ki?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Nan anka kira ki, ɗiyata, kinka aje, kinka dawo ba ki ƙidaya ba. Ga wani nan. Ga wani." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawun ɓarawo.

Gaskiyarta. Wace mace ce a gidajenmu take samun awa biyu a zaune ba a taɓa ta ba? Ɗan garuwa ya yi sallama, tukunya ta tafaso, yaro ya faɗi, a kira la'asar, a ɗauke wuta. Masu koyarwa a YouTube suna zaune a ɗaki shiru da tebur da fitila, su fara su gama. Mu kuwa saƙarmu ta ajiye-ɗauka ce. Tun daga ranar na daina neman saurin hannu, na koma neman yadda zan ajiye aiki in dawo in same shi inda na bar shi.

Abin da ya cinye mini ido taran nan ƙarshen layi ne. In kina dogon saƙi, wato mai naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka, sarƙa uku (madaukin zare uku, ɗaya cikin ɗaya) ake yi a juya, kuma sarƙar nan a matsayin ido ɗaya take. In kin dawo ƙarshen layi na gaba, dole idon ƙarshe ya shiga kan wannan sarƙar. Ita kuwa kwanciya take yi a gefe, mai gaggawa ba ta ganinta. Tsallake ta sau tara, kin rasa tara. Yanzu da na juya, nakan ratsa guntun zare mai wani launi a kan sarƙar, in kuma fil na kusa in maƙala shi. A sarƙar farawa ma duk ido 20 ina sa alama, don in an katse ni a 87 ba sai na koma ɗaya ba. In kira ya zo ina tsakiyar layi, nakan ja madaukin zaren ya yi tsawo, in zare kwarashin, in maƙale madaukin da fil. Barin kwarashi a jikin aiki a gidan da ke da yara, wannan neman magana ne: ko su ja zaren su warware rabin layi, ko a tsinci kwarashin a bakin kwata.

Sai littafi. Na 'yan makaranta ne, irin wanda ake sayarwa a kowane shago. Kowane aiki da shafinsa: na wa ne, ranar da za a karɓa, kafin alƙalami nawa aka bayar, lambar kwarashi, ido nawa na fara da shi, da guntun zaren a manne a gefe. In na tashi, in ja ɗan layi a ƙarƙashin lambar layin da na gama. Safa ce ta tilasta mini rubuta lambar kwarashi. Na saƙa ƙafa ɗaya da kwarashi mai milimita 3, kwana huɗu suka wuce da hidimar biki, na dawo na ɗauki mai 3.5 ban lura ba. Rabin milimita fa kawai. Da na haɗa su, sai ka ce ɗaya ta wa ce ɗaya ta ƙane. Ko da kwarashi ɗaya ne ma, hannu yana sauyawa: ranar da rai ke ɓace saƙa matsewa take yi, ranar da ake hira ta saki. Shi ya sa duk abin da ke da biyu, safa ko hannun riga, tare nake tafiyar da su, layi biyar nan, layi biyar can.

Hular jarirai ita ce aikin da ya fi zuwa mini, kuma ita na fi daɗewa ina yi da ka. In ta yi daidai in ce Allah ya taimaka, in ta yi wa yaro yawa uwar ta ce zai girma ya same ta. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ya gan ni ina gwada hula a kan ƙoƙo, ya yi dariya ya ce lissafin da'ira ne na aji ɗaya. A auna kewayen kai da tef ɗin tela, a rage santimita ɗaya ko biyu saboda saƙa tana buɗewa, sai a raba da 3.14. Abin da ya fita shi ne faɗin faifan tsakiyar hular. Kan sabon jariri yakan kai wajen santimita 35. In na yi niyyar 33, faifan zai zama santimita 10 da rabi. Da ya kai haka sai in daina ƙari, in ci gaba da zagayawa ido cikin ido, hular da kanta za ta lanƙwaso ta sauko. Shi kuma faifan, in da dogon saƙi ne, da 12 nake farawa, kowane zagaye in ƙara 12: 24, 36, 48. In ya fara tattarewa kamar bakin siket, ƙarin ya yi yawa. In ya fara zama ƙoƙo tun bai kai faɗinsa ba, ƙarin ya yi kaɗan. Na ji haushi a ce yaron da bai taɓa riƙe kwarashi ba ne ya warware mini abin da na shekara ina fama da shi, amma na rubuta a bangon littafin.

Zare kuwa, a saye shi gaba ɗaya. Na taɓa komawa Babbar Kasuwa neman ƙarin shuɗi ƙulli biyu, mai shago ya rantse iri ɗaya ne, kuma bai yi ƙarya ba, kamfani ɗaya, launi ɗaya. Sai da na saƙa na fito da rigar tsakar gida, rana ta nuna inda tsohon ya ƙare sabon ya fara. Ba tukunya ɗaya aka rina su ba. Wasu zaren suna da lambar rini a jikin takardarsu, a duba ta zo ɗaya. Wanda ba shi da ita, a fito da shi bakin shago a haɗa a hasken rana. Gara ƙulli ɗaya ya ragu, ai ragowar ita ce igiyar safa da furen hula.

Garin nan ma yana da nasa sharuɗɗan. Da hunturu, ƙura ba ta san an rufe ƙofa ba, farin zare kwana biyu ya koma ruwan ƙasa. Bokitin roba mai murfi na samu, na huda murfin da ƙusa mai zafi, na goge bakin hudar, zaren yana ciki yana fitowa ta nan. Ba ƙura, ba gangarawa ƙarƙashin gado, ba kyanwa. Kowane aiki kuma da ledarsa, da kwarashinsa a ciki. Yatsu suna faso a lokacin, zare yana kamawa yana tsistsigewa, to man kaɗe da dare za a shafa, kada a shafa a ɗauki farin aiki. Da bazara kuwa, watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, zaren roba, wanda muke haɗawa duka mu ce ulu, manne wa tafin hannu yake yi. Bayan asuba nake taɓa shi, da rana in koma saƙar jaka da zaren auduga. Kuma kada a ɗora masa dutsen guga kai tsaye, narkewa yake yi ya yi sheƙi ya mutu, ba ya dawowa. Baƙin zare da dare a hasken fitilar caji cin ido ne. In ya zama dole, farin ɗankwali a cinya yana nuna ramukan.

Kayan sanyi da damina ake saƙa su. Kowa sai Disamba ta kama yake tunawa da hular ɗansa, kuma jiya yake so.

Ga masu koyo a waya, akwai wani tarko a sunayen saƙi: abin da 'yan Amurka ke kira singil, 'yan Ingila dobul suke ce masa, dobul ɗin Amurka kuma, wato dogon saƙinmu, wani suna gare shi a Ingila. Ki kalli hannun mai koyarwar, sau nawa ta naɗa zare, ki bar bakinta.

Jelar zare, wato guntun da ke reto inda aka fara ko aka yanke, ita ce har yau nake wa lalaci. Na san ƙa'ida: a bar kamar santimita 15, a sa a allura mai faɗin kafa, a bi cikin saƙar gaba a dawo baya, kuma a yi tun ana tafiya. Ƙulli kawai a datse, wanki biyu ya kwance. Amma sai in tara su har ƙarshe, daren suna ya same ni da jela arba'in ina hamma.

Gwaggo ba ta rubutu. Zare take ɗaurewa a bakin zaninta, duk layin da ta gama ta yi ƙulli ɗaya, kuma ban taɓa ganin ta ɓata ba. Littafina dariya yake ba ta, wai na mayar da saƙa boko. Makon jiya dai ta aiko jikarta da tef a hannu, wai kan yaron 43 ne, in duba mata a takardata faifan nawa zai zama.